Babi Na Shida: Katakon da Aka Jefa a Kogi

A birnin Portland na jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wata gada da ake kira Burnside, wadda ta ƙetare kogin Willamette. A shekarar 1990 wasu samari masu wasan zamiya suka shiga ƙarƙashinta ta ɓangaren gabas, suka kwashe shara, suka fara kwaɓa siminti suna gina tudu da kwari da gangara. Ba su nemi izinin kowa ba. Yau su ƙara nan, gobe su ƙara can, har abin ya kafu, hukumar birnin ta ga ya fi ƙarfin rusau, ta bar musu. Filin yana nan har gobe, kuma duk wanda ya san wannan wasa ya ji sunansa.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, katako ne da bai kai mita guda ba, goshinsa da ƙeyarsa a ɗan lanƙwashe, da ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa. Yaro zai ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya riƙa tura ƙasa da ɗayar, in gudu ya kankama ya haye gaba ɗaya. Gwanaye kan daka tsalle da shi, ya juya a iska, su dira a kansa kamar an ɗinke shi da tafin ƙafarsu. Tun gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ya shiga sahun wasannin da ake ba wa lambar zinariya. Kafin nan kuwa, a idon iyaye da 'yan sandan Amurka, aikin 'yan zaman kashe wando ne masu farfasa dakalin mutane da matakalar ofisoshi.

A wannan fili Gus Van Sant ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Paranoid Park, wanda ya fito a 2007. Sunan laƙabi ne da yaran cikin fim ɗin suke kiran filin da shi, in za a Hausantar sai a ce dandalin ɗar-ɗar. Van Sant ba baƙon Portland ba ne, nan ya daɗe yana zaune, nan ya yi finafinansa na farko. Ya taɓa cin kasuwar Hollywood da Good Will Hunting a 1997, daga baya ya juya mata baya na wasu shekaru, ya koma yin ƙananan finafinai masu ƙarancin magana, irin waɗanda ba don cika silima ake yinsu ba. Ɗaya daga cikinsu, Elephant, shi ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2003. Paranoid Park ma can aka kai shi, aka ba shi kyauta ta musamman ta cikar bikin shekara 60. Kuɗin yinsa ma daga wani kamfanin Faransa suka fito, MK2. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka su waye aka yi wa girkin.

Ranar da na fara kallonsa tare da wani ƙanena muka zauna, yaron da ya tashi da finafinan Indiya da na Kano. Mun kai kamar minti 20 sai ya gyara zama ya ce, "Yaya, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Na yi dariya, amma ban ga laifinsa ba. Ni ma a raina tambayar da nake yi ke nan.

Labarin bai fi a faɗe shi a numfashi uku ba. Alex ɗan shekara 16 ne, ɗan sakandare, auren iyayensa yana kan mutuwa. Abokinsa Jared ya ja shi zuwa filin nan na ƙarƙashin gada, matattarar manyan 'yan zamiya da yaran da gida ya kora da waɗanda suka kori kansu. Alex zama ya yi a kan katakonsa yana kallo, don a ganinsa bai isa ya shiga cikinsu ba. Amma wurin ya kama ransa. Wani daren Asabar ya ɗauki motar mahaifiyarsa ya koma shi kaɗai. Wani da ya girme shi, ana ce masa Scratch, ya ce ya zo su ɗafe jirgin ƙasa na dakon kaya. Suna maƙale a jikin tarago sai mai gadin filin jirgin ya hango su, ya biyo su a guje yana kai musu duka da tocila. Alex ya maka masa katakon. Mutumin ya yi taga-taga, ya faɗi a kan ɗaya layin dogon, ga wani jirgi na tahowa. Ya raba shi biyu. Alex ya ranta a na kare, ya jefa katakon a kogi daga kan gada, ya wuce gidan su Jared da ba kowa a ciki, ya yi wanka, ya sauya kaya, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Yadda na jero maka shi yanzu ba haka fim ɗin ya jero ba, kuma a nan ƙarfinsa na farko yake. Duk abin da muke gani, wasiƙa ce Alex yake rubutawa a littafinsa na makaranta, wani lokaci a ɗaki, wani lokaci a kan benci kusa da bakin teku. Wata ƙawarsa, Macy, ita ta lura akwai abin da ke cinsa, ta ce in ba zai iya faɗa ba to ya rubuta. Shi da kansa ya ba da haƙuri tun farko cewa labarin ba zai zo a jere ba, don bai iya darasin rubutu ba. Sai ka ga ɗan sanda yana yi masa tambayoyi alhali ba ka san me ya faru ba. Ka gan shi yana cusa tufafi a leda, a wuce, can gaba a sake dawo maka da fitowar, yanzu da ɗan ƙarin bayani. Abin da ya auku a layin dogo sai da fim ya kai wajen tsakiya aka nuna shi.

Duk wanda ya taɓa zaunar da yaro don ya amsa laifi ya san wannan kwana-kwana. Za ka tambaye shi wa ya fasa tulu, ya fara maka da aiken da aka yi masa kasuwa, da wanda ya gamu da shi a hanya, da yadda hadari ya haɗu. Mai ƙurji gefensa yake fara tausawa. Van Sant, wanda shi ya tace fim ɗin da hannunsa, ya gina shi kacokan a kan wannan ɗabi'a, har ya zama rikicewar labarin ita ce halin yaron. Amsar da ban iya ba ƙanena ba a ranar ita ce fim ɗin ya daɗe da farawa, yaron ne bai shirya kai mu wurin ba.

Mu Hausawa mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Alex kuwa ko ka tambaye ta ba za ta amsa ba. Gabe Nevins, wanda ya fito a matsayinsa, ba ɗan wasa ba ne. Yawancin yaran fim ɗin ta hanyar sanarwa a shafin MySpace aka samo su, a zamanin da shafin yake tashe kafin Facebook ya danne shi. Idanunsa manya, fuskarsa sumul, ba fushi ba fara'a. In yana karanta wasiƙar, muryarsa irin ta ɗalibin da malami ya tsayar a gaban aji ce, yana tuntuɓe da kalmomin da shi ya rubuta. Wasu sun ɗauki wannan rashin iya wasa ne, kuma a wasu wurare gaskiyarsu, musamman in yaran suna hira da juna, za ka ji ana jiran layi. Amma da ƙwararren jarumi aka sa, mai iya zubar da hawaye a kan umarni, da an ɓata miyar. Yaron da ya yi kisa ba da niyya ba, bai ma san sunan abin da yake ji ba, balle ya nuna shi a fuska.

To in fuska ta ƙi magana, baki ya ƙi, da me za a shiga cikin yaron? Da haske da sauti. Mai ɗaukar hoton Christopher Doyle ne, ɗan Ostareliya da ya yi suna a Hong Kong wajen aiki da Wong Kar-wai, tare da Rain Kathy Li. Mai haɗa sautin kuma Leslie Shatz. Fitowar da ta fi kowacce nuna aikinsu ita ce ta wanka, bayan an dawo daga layin dogo. Alex yana tsaye a ƙarƙashin shawa, kansa a sunkuye, gashi ya rufe masa fuska, ruwa na zuba daga bakin gashin zare-zare. An rage gudun hoton ya koma tafiyar hawainiya. Hasken yana dushewa har yaron ya kusa zama inuwa, sannan ya ɗan dawo. A jikin bangon bayansa akwai zanen tsuntsaye, irin adon banɗaki da ba mai kula da shi. Sai ƙarar ruwan ta fara kumbura, kukan tsuntsaye ya shigo cikinta, kamar waɗancan na bango ne suka farka, ƙarar tana ta hawa tana sirancewa har ta fara soke maka kunne. Ya kai hannu ya rufe fuska, ya sulale a jikin bango. Ba a furta kalma ko ɗaya ba. Na kalli finafinai da dama da jarumi ke dukan ƙirji yana ihu don a san ya yi nadama, ban ga wanda ya kai ni inda wannan wanka ya kai ni ba.

Akwai wata dabarar da sai a kallo na biyu na gane ta. Iyayen Alex kusan ba a ganinsu. Uwar ko dai daga nesa, ko ta ba da baya, ko hoton ya yi dishi-dishi a kanta. Uban sai can wajen ƙarshe fuskarsa ta fito sosai, jikinsa cike da zane, yana ƙoƙarin lallashin ɗansa a kan maganar rabuwar aure, bai san abin da ke cikin yaron ya fi wannan nauyi sau dubu ba. A daren da abin ya faru Alex ya ɗaga waya ya kira inda uban yake, ya katse kafin a yi magana. Ba wanda ya tsaya ya yi wa mai kallo lacca a kan sakacin iyaye. An dai nuna maka su yadda ɗansu yake ganinsu, mutane ne da ke wucewa ta gefen ido. Ƙanin Alex ma, wanda ke zuba surutu yana maimaita barkwancin wani fim kalma bayan kalma, da gani ka san shi ma hanyarsa ke nan ta toshe kunne.

Ɗan sandan binciken, Richard Lu, ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Yana tambaya a hankali, kamar mai hira. Da ya tara 'yan zamiyar makarantar a ɗaki guda ya ce yana son fahimtar jama'arsu, sai suka yi masa caa, wai su ba wata jama'a ba ce, ba su ma san juna ba. An tsamo katako daga kogi, an rarraba hotunan gawa a tebur, duk alamu sun nuna ranar mai kaya ta kusa. Ba ta zo ba. Binciken haka ya shiririce, kuma ni ban riƙe wannan a matsayin aibi ba. Fim ɗin bai taɓa yi mana alkawarin kotu ba.

Aibinsa yana wani wurin. Bari in fara da ƙarami.

Wasan zamiyar da ke cikinsa kyakkyawa ne har ya wuce misali. An ɗauki yawancinsa da ƙaramar kyamarar Super 8, irin wadda iyalai ke ɗaukar biki da ita a da, hoton da ɗan yashi-yashi, ana bin yaran a baya suna hawa suna gangarawa kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa. Akwai inda suke tashi sama ɗaya bayan ɗaya, a tafiyar hawainiya, kowa ya rataya a iska na ɗan lokaci. Sai dai wannan mafarkin wasan ne. Wasan kansa faɗuwa ce: yaro ya gwada tsalle guda sau hamsin, ya kurje gwiwa, ya gurɗe ƙafa, katako ya karye, ga ƙarar tayoyi a kan siminti kamar injin markaɗe. Wanda yake son ya san me ke kai yaro ga wannan wahala, ya nemi Minding the Gap na Bing Liu, fim ɗin gaskiya da ya fito a 2018, wanda ya bi wasu samari na garin Rockford a jihar Illinois shekara da shekaru, ya nuna dukan da suka sha a gida da yadda katakon ya zame musu mafaka. A Paranoid Park kuwa, yaran da suka mallaki filin, masu kwana a titi, fuskoki ne kawai da kyamara ke wucewa ta kansu. Alex ɗan gata ne da ya zo yawon buɗe ido da motar uwarsa. Scratch, wanda ya ja shi ga jirgin, yana dira ya ɓace, fim ɗin bai sake waiwayarsa ba.

Sai Jennifer, budurwar Alex. Taylor Momsen ce ta fito a matsayinta, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka san aikin tun suna ƙanana. An zana ta a matsayin yarinya marar tunani, ba abin da ke kanta sai kwalliya da abin da za ta ba ƙawaye labari. Ranar da Alex ya ce sun rabu, an kashe muryarta ɗungurungum. Bakinta na motsi, ranta a ɓace, amma abin da kake ji kiɗan Nino Rota ne, ɗan Italiyan da ya yi wa Federico Fellini kaɗe-kaɗen finafinansa, kiɗa mai kama da na 'yan wasan dabo. Karon farko na yi dariya. Karo na biyu na ji kunyar dariyar. Yarinya ce da aka yasar ba tare da an gaya mata dalili ba, kuma darakta ya haɗa baki da saurayin an mayar da ita abin nishaɗi. Macy kuwa, mai hankalin, an ɗora mata maganar yaƙin Iraƙi, tana yi wa Alex faɗan rashin karanta labarai. Na gane inda aka dosa: ƙasar da ta zubar da jini a nesa ta kau da kai, ga ɗanta ya yi haka a gida. Amma an taɓa maganar ne da bakin yatsa aka wuce, ba ta kama ƙasa ba.

Babban abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne mai gadin nan.

An nuna mutuwarsa ƙuru-ƙuru. Rabin jikinsa na sama yana jan ciki a kan tsakuwa, ya ɗago kai ya dubi Alex, ba zagi ba tsinuwa, kallo kawai. Fitowar tana da tayar da hankali, har ta yi kama da wadda aka aro daga fim ɗin ban tsoro, ta fita daban da sauran. Daga nan shi ke nan. Ya koma labari a talabijin da hoto a hannun ɗan sanda. Ba mu ga gidansa ba, ba mu ga wanda ya jira dawowarsa da asuba ba, ba mu ga jana'izarsa ba. Dattijo ne mai aikin dare, irin aikin da ba mai wadata ke yi ba, ya fito neman abinci ya gamu da ajalinsa a hannun yaron da ke neman abin da zai ɗebe masa kewa.

Fim ɗin daga littafin Blake Nelson na 2006 aka ciro shi, kuma an sha kwatanta labarin da shahararren littafin nan na Dostoevsky na 1866 a kan laifi da hukunci. Amma a can, mai kisan ya kai kansa ga hukuma, aka tura shi Saberiya. A nan Alex ya gama wasiƙarsa, ya kunna wuta, ya riƙa jefa takardun ɗaya bayan ɗaya, waƙar Elliott Smith mai sanyi tana tashi, mawaƙin da Portland ke ji da shi, wanda ya rasu a 2003. Mai karatu Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba. A tarbiyyar da muka tashi a ciki, ko kisan kuskure yana da diyya ga dangin mamaci, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere, domin rai yana da masu shi. Ba ina cewa fim ɗin Amurka ya bi fiƙihunmu ba. Ina cewa ne tambayar da wannan hukunci yake amsawa, wato me ake bin wanda ya yi kisa, tambaya ce ta kowane ɗan Adam, kuma fim ɗin ya musanya ta da wata: yaya wanda ya yi kisa zai samu barci?

Na san abin da masu kare shi za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce ai fim ɗin wasiƙar yaro ce, ba ya ganin abin da yaron bai gani ba, kuma ɗan shekara 16 da tsoro ya cika wa ciki ba zai iya tunanin iyalin wani ba. Za su ƙara da cewa ba a wanke shi ba, tunda a ƙarshe ga shi nan ya kifa kai a kan tebur a aji, barci ya sace shi, ba wanda ya san da me zai farka. Alhaki kwikwiyo ne, zai bi shi. Na yarda da rabin wannan. Inda na tsaya shi ne, ba Alex ya zaɓi hasken da ke sauka a fuskarsa kamar na waliyyi ba. Ba shi ya rage gudun hoto yana tafiya a barandar makaranta, gashi na lilo, ba shi ya ɗora waƙa mai sa tausayi a kan wutar da ke cinye shaidar laifinsa ba. Wannan aikin manya ne, Van Sant da Doyle, kuma kyamararsu ta so yaron nan so mai yawa. Kusancin da ya ba mu fitowar wanka, shi ne dai ya hana mu juyawa mu dubi wanda ke kwance a kan tsakuwa.

Duk da haka ba zan ce kada a kalla ba. A cikin finafinan da aka yi a kan 'yan zamiya, daga Kids na Larry Clark a 1995 zuwa Mid90s da Skate Kitchen na 2018, ban san wanda ya kai shi iya sarrafa sauti da shiru ba, kuma duk matashin da ke son koyon yadda ake ba da labari ba da baki ba, yana da darasi a nan. Tsawonsa bai wuce minti 85 ba. Ka kalle shi da dare, da abin sauraro a kunne, don rabin fim ɗin a kunne yake. Kada ka zauna da yara, akwai jini, akwai kuma abin da ido zai kauce wa. In ka zo wurin layin dogo, ka dubi fuskar mai gadin da kyau, domin ba za a ƙara ba shi wani lokaci ba.